Wata huɗu ina neman ƙaramar mota mai giyar otomatik

Shekara 11 na yi ina tuƙa Peugeot 406 haɗin Kaduna mai giyar hannu, kuma ban sa wa raina rabuwa da ita ba sai da abubuwa biyu suka haɗe mini a lokaci guda. Na farkon ya shafi kowa da kowa, domin ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar a jawabin rantsar da shi cewa tallafin mai ya ƙare, litar fetur da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta tsallake 1,000. Na biyun ni kaɗai ya shafa, wato ciwon gwiwar hagu da ya matsa mini, har ta kai idan na taso daga Rijiyar Zaki da safe na shiga cunkoson Kabuga ina taka kuloci ina saki, kafin in isa wurin aiki ƙafar ta riƙe, sai na dafa ƙofa sannan in iya fitowa. Likitan da ya duba ni bai yi kewaye-kewaye ba, ya ce idan ba zan iya barin tuƙi ba, to lallai in hutar da ƙafar hagu. Ga kuma maiɗakina da ta koyi tuƙi amma ba ta taɓa sakewa da kuloci ba, alhali ita ce ta fi ni sararin ɗauko yara daga makaranta da rana.

Da na faɗa wa baffana, wanda ya yi shekaru yana jan motar haya tsakanin Kano da Jos, bai ji daɗin maganar ba. Ya ce: "Ɗana, motar da ba a tura ta ta tashi, ranar da batir ya mutu maka a daji yaya za ka yi? Kuma giyar nan idan ta lalace ba a gyara ta, sai dai a sayo wata." Na ce masa, "Baffa, ƙafar ce ta ƙi." Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce to in nemi wanda ya san kan giyar kafin in nemi motar. A lokacin na ɗauki wannan magana a matsayin tsoron mutanen da, amma ita ce shawarar da ta tsara duk abin da na yi daga baya.

Tambayar da na fara yawo da ita a wuraren sayar da motoci ita ce wace mota ce ba ta shan mai, kuma duk dillalin da na tambaya yana da amsa a bakinsa, wadda a kullum takan zama motar da ke gabansa. Bayan mako biyu ina jin maganganu masu karo da juna, sai na zauna da biro da takarda na yi lissafi da kaina. A wata ina cin kimanin kilomita 1,000. Tsohuwar motata a cikin gari tana ba ni kilomita 8 a lita, wato lita 125 ke nan a wata. Motar da za ta ba ni kilomita 11 za ta sha lita 91, wadda za ta ba ni 13 kuma lita 77. Abin da lissafin ya nuna mini shi ne babbar ribar tana tsakanin tsohuwar motata da kowace ƙaramar mota mai lafiya, lita 34 a wata, amma tsakanin ƙananan motocin su kansu bambancin bai wuce lita 14 ba, abin da bai fi naira 14,000 ba idan lita tana 1,000. Da na tambayi kuɗin giyabos na Beljiyam, wato tsohon akwatin giya da aka shigo da shi daga waje, a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa, tare da kuɗin aiki da na mai, sai na ga cewa lalacewar giya sau ɗaya tak za ta cinye wannan rarar ta shekaru. Daga ranar na daina tambayar wadda ta fi ƙarancin shan mai, na koma tambayar wace irin giya ce a cikinta.

Wani abokin aikina ne ya haɗa ni da wani dattijon bakanike da ba ya taɓa komai a mota sai giyar otomatik, garejinsa na nan cikin wani lungu kusa da Ƙofar Ruwa. Na same shi ya baje cikin wata giya a kan faranti, yana wanke sassanta ɗaya bayan ɗaya. Na gaishe shi, na yi masa bayanin abin da ya kawo ni, sai ya ce: "Malam, kalmar otomatik ɗin nan ita ke yaudarar mutane. Sandar iri ɗaya ce a ido, abin da ke ƙarƙashinta ne ya bambanta." Ya ɗauko wani ƙarfe mai siffar tukunya a rufe ya ajiye a gabana, ya ce wannan ita ce kwanbata, kuma ita ke tsayawa a madadin kuloci a tsohuwar giyar otomatik da aka sani tun shekarun 1940. A cikinta akwai abubuwa biyu masu kama da fanka suna fuskantar juna cikin mai. Inji yana juya ɗaya, man da ta watsa ya juya ɗayar, saboda haka idan mota tana tsaye a cunkoso kuma giya tana kan D, wato ta tafiya gaba, babu ƙarfen da ke gogar ƙarfe, mai ne kawai ke zagayawa yana ɗaukar zafi. Ya nuna mini faifan da suke kira faiba, waɗanda matsin mai ke damƙewa idan za a canza giya, da kuma solinoyid da ke buɗe wa man hanya bisa umarnin kwamfutar motar. Ya ce irin wannan giya, musamman mai hawa huɗu, ita ce ya fi buɗewa a rayuwarsa, kayanta suna nan a kasuwa, kuma abin da ke kashe ta bai wuce zafi da gurɓataccen mai ba.

Game da giyar da ake kira CVT kuwa, ya yi magana da taka-tsantsan. Ita ba ta da hawa-hawa; fuli biyu ne masu buɗewa da tsukewa, da bel na ƙarfe a tsakaninsu, shi ya sa mota ke tafiya sumul ba a jin canji, kuma takan rage shan mai. Bai ce ba ta da kyau ba. Abin da ya ce shi ne tana da nata man na musamman, idan aka zuba mata na waccan giyar ta gama yawo, kuma idan bel ɗin ya fara zamewa ya goge fuli, a nan garin mafi yawan lokaci sauya ta ake yi gaba ɗaya da wata tsohuwar da ba wanda ya san tarihinta. Da na koma gida na bincika a intanet, na ga cewa kamfanin Nissan da kansa ya tsawaita garantin giyar CVT na motocinsa ƙirar 2003 zuwa 2010 a Amurka zuwa shekara 10 ko mil 120,000, sakamakon damuwar da masu motocin suka nuna. Motocin da ke isowa hannunmu kuwa sun riga sun wuce wannan shekaru da wannan nisa, babu wani garanti da ke biyo su ta teku. A nan ne kuma na ci karo da labarin giya mai kuloci biyu, wadda ɗaya ke riƙe da giya ta 1 da ta 3 da ta 5, ɗayan kuma sauran. Samfurin da Ford ta saka a Fiesta daga 2011 da Focus daga 2012, mai suna PowerShift, ya jawo ƙarar haɗin gwiwa a Amurka, kuma a 2018 wata kotu a Ostareliya ta ci kamfanin tarar dalar ƙasar miliyan 10 kan yadda ya bi da koken masu motocin. Busasshen kuloci ne a cikinta, irin wanda ke wahala a tafiyar tsaya-ka-matsa, tafiyar da ita ce abincina kullum daga Kabuga zuwa cikin gari. Na cire wannan rukuni daga lissafi ba tare da na gwada ko ɗaya ba, duk da cewa farashinsu ya fi sauƙi, jikinsu kuma ya fi sabunta.

Akwai nau'i na huɗu da ban san da shi ba sai da na zauna a cikinsa. A wani wurin sayar da motoci na ga Toyota Yaris 'yar ƙarama mai ƙofa biyar, fes da ita, injinta 1.3, dillalin kuma ya tabbatar mini otomatik ce. Na shiga na duba ƙasa, feda biyu ne, babu kuloci. Amma da na kai hannu kan sandar giya sai na ga babu harafin P na fakin da aka saba gani a otomatik. Abin da ke rubuce shi ne R da N da E da M. Da muka hau titi, duk lokacin da za ta canza giya sai ta ɗan saki kamar an ɗaga ƙafa daga totur, kaina ya yi gaba, sannan ta kama, kuma da muka tsaya a hawan gadar sama na saki birki sai na ji tana neman sulalewa baya kafin ta ɗauka. Na kira dattijon a waya na kwatanta masa, ya ce: "Ai wannan giyar hannu ce, Malam, ƙaramin injin lantarki aka sa yana taka maka kuloci. Lafiyarta ƙalau, haka aka ƙera ta." Toyota na kiran wannan tsari MultiMode, kuma a motocin da ta yi wa kasuwar Turai ta fi saka shi, Honda ma ta yi makamancinsa mai suna i-SHIFT a Jazz daga 2008, kafin ta koma CVT a 2011. Kulocin cikinta yana cinyewa kamar na kowace giyar hannu, kuma idan an canza shi sai an saita shi da kwamfuta, aikin da ba kowane gareji ke iyawa ba. A gaskiya wannan motar ita ce mafi ƙarancin shan mai cikin duk waɗanda na gwada, kuma na yi kwana biyu zuciyata tana komawa kanta, amma na tuna maiɗakina a hawan gada da a-daidaita-sahu manne a bayanta, na haƙura.

Wannan ya koya mini cewa sunan mota da shekararta ba su isa ba, sai an san kasuwar da aka yi wa ita. Yaris ɗin da aka sayar a Amurka daga ƙirar 2007 zuwa 2011 tana da inji 1.5 mai lamba 1NZ-FE da tsohuwar giya mai hawa huɗu, sandarta kuma tana ɗauke da P, R, N, D, 3, 2 da L. Suna ɗaya ne da waccan, cikin daban. Na koyi karanta lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba: harafin farko yana nuna ƙasar da aka ƙera motar, J na Japan ne, 1 da 4 da 5 na Amurka, 2 na Kanada, V kuma ya haɗa da Faransa, inda ake ƙera Yaris ta Turai a Balansiyen. A motocin Amurka, alama ta goma ita ce shekarar ƙira, 7 na nufin 2007, 8 na nufin 2008, A kuma 2010. Da wannan kaɗai na gano motoci biyu da aka ƙara wa shekaru a baki, ɗaya har an canza mata fitilun gaba da na baya domin ta yi kama da sabon samfuri.

Daga nan zaɓina ya tsaya kan motoci uku: Corolla ƙirar 2005 zuwa 2008, Pontiac Vibe ta waɗannan shekaru, da Yaris ta Amurka. Vibe, wadda ta cika titunan Arewa, tagwayen Toyota Matrix ce, an ƙera ta a masana'antar haɗin gwiwar Toyota da General Motors da ke Kalifoniya, kuma injinta 1.8 mai lamba 1ZZ-FE shi ne na Corolla. Tana da fili da tsayi daga ƙasa, amma ta fi sauran biyun shan mai, kuma yawancin waɗanda na gani sun sha wuya a hannun masu su. Corolla kuwa ba ta da abin kushewa a wurina sai farashi, domin sunanta ya sa ana sayar da tsohuwarta da kuɗin da ya zarce ƙarfina, sai dai in sayi wadda ta gaji. Na kuma lura da abubuwa biyu game da ita: injin 1ZZ-FE na shekarun farko an san shi da shan baƙin mai, abin da aka gyara a tsakiyar shekarun 2000, sannan a 2010 Toyota ta yi kiranyen Corolla da Matrix ƙirar 2005 zuwa 2008 sama da miliyan ɗaya saboda matsalar kwamfutar inji, wadda ɗaya daga cikin alamominta ita ce bugawar giya da ƙarfi. Wannan bayani yana da amfani ga mai saye, domin mota na iya bugawa a ce giya ce ta mutu alhali kwamfuta ce. A ƙiyasin hukumar kare muhalli ta Amurka, Corolla ta 2008 mai otomatik tana cin kimanin kilomita 11 a lita cikin gari, Yaris kuma kimanin 12, a babbar hanya dukansu suna kusan 15. Dukansu sarƙa ce ke juya musu inji a maimakon bel, wanda ya rage mini wani abin fargaba.

Na yi yarjejeniya da dattijon cewa duk motar da ta kwanta mini zan biya shi kuɗin yini ya zo ya duba, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Sharaɗinsa ɗaya ne, a je da sassafe, kuma kada a tayar da motar kafin mu iso. Da mun isa, abin da yake fara yi shi ne ɗora tafin hannu a kan inji, idan ya ji ɗumi sai ya ce mu dawo gobe, domin giyar da ta fara gajiya tana nuna halinta ne da sanyin safiya, ta ɓoye shi idan mai ya yi zafi. Sai ya murɗa makulli ba tare da ya tayar ba, ya tabbatar fitilar gargaɗin inji ta kama, sannan ta mutu bayan an tayar, saboda akwai masu cire ƙwan fitilar ko su liƙe ta. Daga nan ya taka birki ya sa R yana ƙirgawa a hankali, ya dawo N, ya sa D. Lafiyayyar giya tana kamawa cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu da ɗan motsi mai laushi. Wadda ta yi jinkiri sannan ta buga, ya ce, ta fara ban kwana.

Mota ta farko da muka duba tare ta faɗi ne a kan farar takarda. Ya zaro sandar awon man giya ya ɗiga a kai, maimakon ja mai haske sai ga mai baƙi-baƙi yana warin ƙuna, da ƙananan ɓurɓushi a ciki, wanda ya ce garin faiba ne. Ta biyu man giyarta ja ne tas kamar yanzu aka zuba, kuma wannan ne ma ya sa ya ƙara zargi. Ya shiga ƙarƙashinta da tocila, ya ga sabon gam a kewayen farantin giya da rubutun fenti mai ruwan ɗorawa a jikin akwatin, irin wanda masu sayar da tsofaffin kayan mota ke yi, alamar an riga an sauya giyar. Da ya jona na'urarsa ta kwamfuta sai ta nuna babu laifi ko ɗaya, amma ta kuma nuna cewa motar ba ta kammala gwaje-gwajen da take yi wa kanta ba, wato ba a daɗe da goge bayanan ba. Muka hau titin Gwarzo, minti ashirin na farko lafiya lau, amma da mai ya yi zafi sai allurar inji ta riƙa tashi sama tsakanin giya ta biyu da ta uku kafin motar ta kama, kamar mai taka tsani ya rasa mataki ɗaya. Dillalin ya ce: "Alhaji, wannan ai ƙaramin abu ne, sabis kawai take so, zan rage maka." Na gode masa, muka tafi. Ta uku ba giya ce ta kayar da ita ba. Da na ja bel ɗin kujera har ƙarshe sai na ga layin laka a jikinsa, ƙarfen ƙarƙashin kujeru ya yi tsatsa, kafet kuma yana warin danshi duk da turaren da aka fesa. Motar ambaliya ce, irin waɗanda kamfanonin inshora ke gwanjonsu a Amurka, kuma dattijon ya ce ruwan da ya kai kujera ya riga ya gaisa da wayoyi da giya.

A wata na huɗu ne, lokacin da na fara gajiya har ina tunanin ɗaukar duk abin da ya samu, aka yi mini maganar wata Yaris ƙirar 2008 mai but, ta hannu ce ba sabuwar shigowa ba, mallakar wata ma'aikaciya da za a yi wa sauyin wurin aiki. Da farko na yi sanyi, saboda mun saba ɗaukar cewa 'yar Beljiyam ta fi ta hannu a kowane hali. Abin da ya canza mini ra'ayi shi ne wani ƙaramin littafi da ta ajiye a aljihun motar, inda ta rubuta ranar kowane sabis da nisan da motar ta yi, har da ranar da aka canza man giya da sunan man da aka zuba. Lambar shasi ta fara da J, alama ta goma 8 ce, sitiyarin kuma a hagu yake tun asali, ba juyayye ba. Fentin ƙofar baya ba na asali ba ne, ita da kanta ta faɗa mana cewa mai babur ne ya goge ta, kafin mu tambaya.

Dattijon ya yi mata duk abin da ya yi wa sauran, ya ƙara da wasu. Ya buɗe murfin lagireto tun injin yana sanyi ya leƙa, domin man giya yana ratsawa ta cikin lagireto ya huce, kuma idan bututun ya fashe ruwa da mai sukan gauraya su zama kamar madara. Ya duba ko tamostat yana nan, ya kuma tabbatar ba a jona fanka kai tsaye ba, al'adar da ta yaɗu a garejojinmu da sunan maganin zafi, alhali tana hana inji kaiwa zafin da aka tsara masa, kwamfuta ta yi ta ƙara masa mai. Ya ƙwanƙwasa tukunyar salansa ya tabbatar ba a fasa an kwashe abin tace hayaƙin da ke ciki ba, wanda ake cirewa a sayar saboda tsadarsa. Sannan muka yi tafiyar kusan minti arba'in, cikin gari da bayan gari, yana zaune a gefe ya kashe rediyo yana ƙirga canjin giya da yatsa: ɗaya, biyu, uku, sai kuma wani ɗan saukar allura na huɗu da ya ce kwanbata ce ta kulle. Ya sa na take totur har ƙasa, ta sauko giya nan take ba tare da bugu ba. Muka tsaya a hawan gada na saki birki, ta tsaya cak tana ɗan jan gaba. Da muka dawo ya sake gwada R da zafinta, ya goge hannunsa da tsumma, ya ce: "Malam, bushin ƙafar gaba da shokazoba ɗaya suna son canji. Giya kam ban ga abin faɗa ba."

Ban biya kuɗi ba sai da na kai takardun kwastan ofishinsu aka tabbatar mini lambar da ke jiki ta wannan motar ce, saboda a Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, kuma motar da takardunta ba su inganta ba ana iya karɓe ta a hanya komai daɗewarta a hannun mutum. Muka rubuta takardar ciniki gaban shaidu biyu, na biya ta banki domin a sami shaida, na yi canjin mallaka, na sabunta inshora. Peugeot ɗin kuwa wani maƙwabcina ne ya saya, kuma kuɗinta ya rufe mini wani kaso mai kyau.

Aikin farko da na yi bayan gyaran ƙafa shi ne man giya. Dattijon ya ƙi yarda a yi amfani da injin da ke tura sabon mai da ƙarfi ya wanke ciki, ya ce a tsohuwar giya hakan na iya tayar da dattin da ya kwanta ya toshe ƙananan hanyoyi. Ya kwance ƙusar ƙasa ya tsiyaye abin da ya fito, wanda bai kai rabin man da ke ciki ba, ya auna shi, ya mayar da daidai wannan adadi. Man da littafin motar ya ambata shi ne Toyota WS, ba T-IV da Corolla ta 2003 zuwa 2008 ke sha ba, kuma ya gargaɗe ni kada in yarda da maganar cewa duk jan mai ɗaya ne, kada kuma in saya a gefen titi inda jabu ya yi yawa. Ya zaunar da ni da maiɗakina ya ja mana kunne: "Hajiya, kada ki sa ribas sai mota ta tsaya cak. Kada a mayar da ita N a gangara wai don a rage shan mai. Idan ta mutu a hanya, kada a ja ta da igiya tayoyin gaba suna ƙasa." Game da damuwar Baffa kuwa, na sayi sabon batir da wayar jona batir na ajiye a but.

Na auna shan manta ta hanyar da ba ta ƙarya, wato in cika tankinta mai lita 42 har famfo ya katse, in rubuta nisa, in sake cikawa a gidan mai ɗaya. A cikin gari da na'urar sanyaya a kunne tana ba ni kilomita 11 zuwa 12 a lita, a watan Afrilu da zafi ya haura digiri 40 ta sauko ƙasa da 11, a tafiyar Zariya kuma ta kai 14 da ɗoriya. Tana da nata iyakokin da nake ji kullum. Idan mutum biyar suka shiga da kaya a but, cikinta yana taɓa wasu daga cikin tudun rage gudu na unguwarmu, sai na bi su a karkace. Agogon gudunta a tsakiyar dashbod yake, ba gaban direba ba, ya ɗauke ni makonni kafin idona ya saba. A babbar hanya kuma hawa huɗu ba su da yawa, saboda haka idan zan wuce tirela sai na bar tazara mai tsawo na tabbatar gaba a buɗe take, abin da ban saba yi da 406 ba.

Gwiwar ta lafa sosai, yanzu ina fitowa daga mota ba tare da na dafa ƙofa ba, maiɗakina kuma ita ke ɗauko yara ranakun Talata da Alhamis. Littafin da na tarar a aljihun motar na ci gaba da rubutu a cikinsa daga inda mai ita ta tsaya, kuma duk ranar Asabar ta farkon wata, bayan na dawo daga kasuwa injin yana da zafi, nakan tsayar da ita a wuri mai daidai, in zaro sandar man giya in ɗiga a farar takarda, in rubuta launin da na gani. Baffa ya shiga ta sau ɗaya zuwa ɗaurin aure a Bichi, ya yi ta kasa kunne yana sauraron canjin giya har muka isa, da muka sauka ya zagaya ta ya ce in buɗe masa but ya ga wayar batir ɗin da idonsa.